Garaɓasar da Ta Rufe Mana Kasuwa Ana Gab da Sallah



Waɗanda suka saba da rubutunmu a nan sun san yawanci tunatarwa muke kawowa, yau kan alwala, gobe kan haƙƙin maƙwabci. To yau kanmu muka kawo ƙara. Abin da ya same mu a azumin bara ya riga ya zaga unguwa, wani ya ƙara gishiri wani ya rage, shi ya sa muka ga gara ku ji daga bakin mai shi. Kuma mun lura matasanmu da dama, har da wasu dattawan, suna kan hanyar da muka bi muka faɗa rami. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa.

Sana'armu dai sananniya ce: shadda, yadi, huluna da turaren wuta, shekara talatin da ɗoriya a shago ɗaya. In Liman ya yi tafiya ko jiki ya ƙi, mukan shiga gaba a ƙaramin masallacin layinmu. Waya kuwa, iyakar saninmu da ita kira da amsawa da duba alat ɗin banki. Sai Allah ya kawo ɗan ƙanenmu, ya gama difloma aiki bai samu ba, muka ce ya zo ya zauna mana a shago. Yaron kirki ne, ba ya wasa da salla, ba mu taɓa kama shi da ƙwandalar da ba tasa ba. Mun faɗi wannan tun da wuri don kada wani ya karanta ya ɗora masa kayan da namu ne.

Shi ya buɗe wa shagon shafi a intanet, ya ware layin waya guda don hira da kwastomomi. Gaskiya mun ga amfani. Da can cinikinmu bai wuce mutanen Sabo da Mokola da masu zuwa canjin kuɗi su biyo ta gabanmu ba. Cikin shekara guda sai ga saƙo daga Oshogbo, daga Abeokuta, daga Ilori, har Akure. Mutum ya ga hoto ya turo kuɗi, mu ɗaure kaya mu ba direba a tasha. Har muka fara cewa a ranmu, ashe mun daɗe muna barci.

Ana saura mako biyu a ga watan Ramadan ya same mu bayan la'asar, ya durƙusa ya ce, "Baba, akwai shawara. Mu yi garaɓasa. Mu sa shadda yadi biyar kyauta. Duk mai so ya bi shafinmu, ya yaɗa tallar a nasa shafin, ya kuma saƙalo sunan abokansa goma a ƙarƙashi. Wallahi kafin Sallah sai duk Badun ta san da mu."

Muka ce, "To, babu wata matsala a ciki?"

Ya ce, "Haba Baba, ai kowa haka yake yi."

Muka yi shiru, kuma a wannan shirun laifinmu ya fara. Da wani ne ya zo neman fatawa a kan ciniki ya ce hujjarsa kowa haka yake yi, da mun zaunar da shi mun buɗe masa babin saye da sayarwa a Risala. Amma da yake aljihunmu ne zai cika, sai hujjar ta yi mana daɗi a kunne.

Garaɓasar ba ita kaɗai ta fita ba, ashe da 'yan rakiya. Yaron ya biya wani mutum kuɗi aka ƙara wa shafin mabiya dubbai a dare ɗaya, mabiyan da babu ko mai rai a cikinsu. Ya sa abokansa suka shiga suna rubuta yabo: wannan ya ce kayansa sun iso lafiya, wancan ya ce bai taɓa ganin shadda irin tamu ba, alhali ko allura ba su taɓa saye a hannunmu ba. Ya kwashi lambobin mutane daga zaurukan biki, na 'yan makaranta, har na kwamitin masallaci, ya riƙa tura musu talla ta wata manhaja ta bayan fage mai aika saƙo ga ɗaruruwan mutane a lokaci guda. Na ƙarshe, wanda ya fi ci mana rai, ya ɗauki hotonmu da rawani a ƙofar masallaci ya sa a saman tallar, ya rubuta cewa shagon liman ne, babu ha'inci. Wasu daga cikin waɗannan ba mu sani ba sai daga baya. Hoton kuwa mun gani. Murmushi muka yi muka ce Allah ya shirye ka.

Kwana ashirin na farkon azumi mun yi cinikin da ba mu taɓa yin irinsa ba. Waya ba ta hutawa. Littafin bashi da muke rubutawa da hannu tun zamanin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, muka tura shi ƙarƙashin kanta, tunda komai yana cikin hirar waya: wanda ya biya duka, wanda ya ba da rabi, kalar da kowa ya zaɓa, tashar da za a aika masa.

Washegarin daren ashirin da ɗaya, mun ɗan kwanta bayan asuba, sai ga yaron yana sallama da murya wata iri. Ya ce, "Baba, an rufe mu." Layin yana kira yana amsawa, amma manhajar hirar ta ƙi buɗewa, sai wani rubutu da Turanci mai cewa an hana wannan lamba amfani da ita. Bayan kwana biyu shafin ma ya ɓace. Ba za mu kama sunan kamfani ba, domin da muka bincika mu muka taka doka. Yaron ya cike takardar neman a sake dubawa, amsa ta dawo layi biyu, shi ke nan. A Sabo in abu ya lalace akwai gidan Sarkin Hausawa, akwai shugabannin kasuwa, akwai dattijon da za ka cire wa takalmi ka ce a sa baki. A can babu wanda za ka durƙusa wa. Mutum kusan arba'in ke jiran kayan Sallah, mu kuma ba mu san waye ya biya nawa ba. Haka muka kwana biyu muna bin alat ɗin banki ɗaya bayan ɗaya muna haɗa suna da kuɗi, da azumi a baki.

Mun ɗauka iyakar jarrabawar ke nan. Ranar ashirin da bakwai, mun idar da azahar, mu ne ma muka ja sallar, sai muka tarar da wata dattijuwa Bayarbiya a bakin masallaci tare da ɗanta, tana tambayar Alfa mai shadda. Da yake mu haihuwar nan ne, Yarbanci ba ya ba mu wahala. Muka ce, "Alhaja, lafiya?" Ta miƙo waya. Ga sunan shagonmu, ga hotunan kayanmu, ga mu da rawani. Amma shafin ba namu ba ne, lambar asusun bankin ma ba tamu ba ce.

Abin da ya faru shi ne, duk wanda ya shiga garaɓasarmu sunansa yana nan a fili a ƙarƙashin tallar, tare da sunan abokansa goma. Wani ɗan damfara ya daɗe da kwashe sunayen da hotunan. Da shafinmu ya ɓace sai ya buɗe irinsa sak, ya riƙa bin mutane ɗaya-ɗaya yana yi musu albishir cewa su suka ci, su turo kuɗin mota kawai. Wanda ya turo sai a ce masa akwai rangwamen rabin kuɗi in zai ƙara biyu. Alhaja injin markaɗe take da shi. Naira 45,000 ta tura, kuɗin da ta tara don ɗinkin jikokinta.

Ta ce, "Alfa, ni ban san intanet ba. Ɗana ya ce kada in tura. Na ce masa mutumin da ke jan salla ba zai ci kuɗina ba."

Wallahi 'yan'uwa, da ƙasa za ta tsage a lokacin da mun shige. Kafin ranar Sallah mutum bakwai suka zo da irin wannan kuka. Wasu abokan kasuwa suka ce ba dolenmu ba ne mu biya, tunda ba asusunmu kuɗin ya shiga ba. Sai wani dattijo da ya haura tamanin, tsohon ɗan kasuwar goro, ya kira mu gefe ya ce, "Malam, a zamaninmu in baƙo ya yi ɓarna da sunan maigida, maigida ke biya. Sunanka aka sayar, kai za ka fanso shi." Muka biya su duka. Ribar azumin ta tafi, har ta ja uwar kuɗi.

Bayan Sallah muka roƙi wani maƙwabcinmu malamin sakandare ya zauna da mu ya fassara mana dokokin waɗannan dandali, waɗanda muka danna muka ce mun yarda ba tare da mun karanta ko layi ɗaya ba. Ga kaɗan daga abin da muka ji, don amfanin wanda bai sani ba. Facebook ya yarda mai shafi ya yi gasa ko garaɓasa, amma ya hana a sa sharaɗin cewa sai mutum ya yaɗa tallar a shafinsa na kansa, ko sai ya saƙalo sunan abokansa, kafin ya shiga. Dole mai gasa ya rubuta ƙa'idojinta, ya kuma bayyana cewa babu hannun kamfanin a ciki. Sayen mabiya da yabon ƙarya haramtacce ne a Facebook da Instagram duka, kuma sukan share su. Wanda aka biya ya yabi kaya, dole ya nuna cewa talla ce. Tallar da ake biya ba ta karɓar kayan ƙarin sha'awa, irin waɗanda ake yawo da su da sunan kayan mata ko ƙarfin maza. WhatsApp kuma ya hana aika saƙon barkatai ga mutanen da ba su ba ka lambarsu ba, ya hana amfani da kwaikwayon manhajarsa irin su GB WhatsApp, kuma yakan rufe lambar da mutane suka yawaita toshewa ko kai ƙararta. Tun 2019 ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar kawai a lokaci guda, a 2020 ya mayar da saƙon da ya sha yawo zuwa wuri ɗaya. Da malamin ya gama, muka ƙirga: babu ɗaya daga cikin abubuwan da muka yi da ba a rubuta haninsa ba.

Tun daga ranar muke tambayar kanmu da abokan sana'a, me ya sa mai kasuwa, mutum mai hankali da lissafi, yake taka waɗannan dokoki? Mun zauna da masu turare, masu kilishi, masu maganin gargajiya, matan da ke sayar da atamfa daga cikin gida, kuma amsoshin kusan iri ɗaya ne.

Da farko akwai rashin sani, wannan gaskiya ne. Dokokin da Turanci suke, dogaye, da ƙananan haruffa. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, wanda zai kama hayar shago a Dugbe ko Gbagi, ko bai iya Turanci ba sai ya nemo wanda zai karanta masa takarda kafin ya dangwala hannu. A waya ne kawai muke dangwalawa ido rufe, saboda ba a karɓi kuɗin haya ba, sai muka ɗauka filin Allah ne.

Sai kuma maganar yaronmu, kowa haka yake yi. Abin da ba mu lura da shi ba, waɗanda muke gani suna yi su ne waɗanda ba a kama ba tukuna. Wanda aka rufe ba ya shela. Kunya ke sa shi ya sayi sabon layi ya ce wayarsa ce ta faɗa ruwa. Bayan abin ya same mu, mutum huɗu a layinmu kaɗai suka raɗa mana cewa su ma an taɓa rufe su. Da sun faɗa da wuri, wataƙila da mun tsira. Wannan ma yana cikin dalilin da ya sa muke rubutun nan.

Akwai kuma yadda dandalin kansa yake aiki. Ko kana da mabiya dubu, in ka sa talla kaɗan ne daga cikinsu za su gani, sai fa in ka biya a ƙara mata tafiya. An yi lokacin da katin naira ma ya daina biyan kuɗin waje a bankuna da yawa. Ga shi tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota daga Kano ya ninka, haya ta hau, naira ta faɗi. Ƙaramin ɗan kasuwa yana ganin maƙwabcinsa yana samun jama'a kyauta ta hanyar dabara, shi kuma an ce ya biya ko ya yi haƙuri. Ba ma raina wannan matsi, mu ma shi ya tura mu. Sai dai dabarar ma ba ta kai yadda ake zato ba, don tun ƙarshen 2017 Facebook ya sanar cewa zai riƙa danne rubutun da ke roƙon a yaɗa ko a saƙalo mutane. Mabiyan da aka saya kuwa ba sa sayen ko ƙyalle.

Laifi na gaba namu ne mu iyaye da iyayen gida. Mun miƙa wa yara waya, tambayar da muke yi musu kullum ita ce, mutum nawa suka gani? Mabiya sun kai nawa? Ba mu taɓa cewa ta yaya aka same su ba. Yaron da yake son ya burge babansa, kuma ya san da lamba ake auna shi, ai lamba zai kawo ko daga ina.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi ba mu tsoro. A shago, kwastoma yana tsaye yana kallon idonka, harshe yakan yi nauyi wajen ƙarya. A waya babu ido. Mutumin da ba zai iya ce wa maƙwabcinsa wannan garin yana warkar da ciwon suga da hawan jini da basir duka ba, sai ka ga ya rubuta haka ya tura wa mutum dubu. Wasu kuma suna ganin dokar wani kamfani ne na Turawa a Amurka, mai kuɗin da ba ya ƙirguwa, don haka taka ta ba zunubi ba ne. Sun manta wanda ake ruɗa da mabiyan bogi ba Baturen ba ne, irin su Alhaja ne.

To me mutum yake jefawa cikin haɗari? Na kusa shi ne kasuwar kanta. Shafin nan rumfar aro ce a filin wani. Ku tuna ranar 4 ga Oktoban 2021, lokacin da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya daga la'asar har dare, kusan awa shida. Ku tuna yadda gwamnati ta rufe Twitter daga Yunin 2021 har Janairun 2022. Waɗannan ba laifin kowane ɗan kasuwa ba ne, amma ciniki ya tsaya. Balle wanda da hannunsa ya ba mai fili dalilin tashinsa. In aka tashe ka daga shago a Sabo, kayanka kake kwashewa, kwastomomi su bi ka sabon wuri. A waya kwastomomin ne ake rufewa a ciki.

Sai dokar ƙasa, wadda da yawanmu ba mu san ta shigo waya ba. Tun 2022 akwai hukumar kula da tallace-tallace da ake kira ARCON, kuma dokarta ta ce a tantance talla kafin a sake ta, har da ta intanet. NAFDAC ba ta yarda a tallata magani, ko na gargajiya ne, sai da izininta, kuma lambar da take ba maganin gargajiya tana nuna an duba ba ya cutarwa ne, ba shaidar cewa yana warkar da duk abin da mai shi ya lissafa ba. Akwai kuma FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, wadda ke da hurumi a kan tallar yaudara da garaɓasar ƙarya. Ita ce a Yulin 2024 ta ci tarar kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220. In mai filin ma bai fi ƙarfin a ci shi tara ba, ina ga mai rumfar aro?

Sannan akwai abin da ya shafe mu mu kaɗai, mutanen zango. Tun 1916 da aka ware wa Hausawa Sabo a garin nan, da me kakanninmu suka zauna? Ba su da gona a nan, ba su da sarautar gari. Bafatake zai taso da shanu daga Arewa ya sauka gidan maigida, a ba mahauta Yarbawa bashi babu takarda babu sa hannu, maigida ya tsaya a tsakani da sunansa kawai. Haka ake ɗaure huhun goro a aika Kano, kuɗi ya dawo bayan makonni. Amana ce jarin, ita ce kuma katangar da ta kare mu. Sun san su baƙi ne, sun kiyaye dokar masu gari, aka bar su suka yi arziki. Mu jikokinsu yanzu baƙi ne sau biyu, a gari da kuma a waya, sai muka manta da tarbiyyar baƙunta. In Bahaushe ɗaya ya damfari mutum a intanet, ko aka damfari mutum da sunansa, ba a cewa wane ne ya yi, cewa ake mutanen Sabo ne. Waɗanda suka ga abin da ya faru a kasuwar Sasa a Fabrairun 2021 sun san yadda saɓanin mutum biyu ke zama gobarar unguwa. Ranar da Alhaja ta zo, da ɗanta ya tara matasa maimakon ya rako ta da ladabi, Allah kaɗai ya san inda maganar za ta tsaya.

Duk waɗannan na duniya ne. Da muka koma littattafanmu sai muka tarar babu abin da yake sabo. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana najashi, wato mutum ya tsaya yana taya kaya yana ƙara kuɗi alhali ba saye zai yi ba, don kawai ya ruɗi mai saye na gaskiya. To mene ne bambancinsa da abokan da suka rubuta yabon kayan da ba su saya ba, ko mabiyan da aka sayo don shago ya yi kamar yana da jama'a? Kowa ya san ƙissar mai hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya bar busasshe a sama, da irin tsawatarwar da ya sha. Hoton shadda da aka ƙara wa sheƙi a waya ɗan'uwan wannan hatsin ne. Farkon Suratul Ma'ida umarni ne ga muminai su cika alkawura, kuma wanda ya danna ya ce ya yarda da sharaɗi, alkawari ya ɗauka, ko da wanda ba Musulmi ba ne, matuƙar sharaɗin bai saɓa wa shari'a ba. Suratun Nur ta koya mana neman izini kafin shiga gidan wani, mu kuma muka riƙa faɗa wa mutane cikin waya tsakar dare babu sallama. Garaɓasar da ake cewa sai ka biya wani abu kafin sunanka ya shiga ƙuri'a kuwa, wannan a tambayi malamai da kyau, don ƙofar caca a nan take. Mu tamu ba a biya ba, amma mun gano ko yadda za a fitar da wanda ya ci ba a tsara ba.

Yanzu ga yadda muke yi, in wani zai amfana. Littafin bashi ya dawo kan kanta, duk wanda ya turo kuɗi sai an rubuta sunansa da lambarsa da biro kafin a rufe shago. Ba ma tura wa kowa talla sai wanda muka tambaya ya ce yana so. A WhatsApp akwai jerin aikawa mai ɗaukar mutum 256, wanda saƙonsa ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarka, wannan ya ishe mu. Mun sa lambar sirri ta biyu mai alƙaluma shida, kuma mun gargaɗi yara kada su karanta wa kowa lambar da ta shigo ta saƙo, ko da ya ce daga kamfani yake. Lambar asusunmu ɗaya ce, an rubuta ta a bangon shago. Shaddar da muka yi alkawari, mun tara sunayen da muka iya samu, aka yi ƙuri'a a gaban jama'a a ƙofar shago, wanda ya ci ya ɗauka ko sisi bai biya ba. Hotonmu da rawani kuwa mun hana har abada. Limanci ba allon talla ba ne.

Bayan abin ya lafa mun je mun sami Liman muka ce a ɗauke mana shiga gaba na wani lokaci. Ya ce, "Malam, ba janyewa za ka yi ba. Tashi za ka yi bayan asuba ka gaya wa jama'a abin da ka gaya mini." Muka tashi muka faɗa. Ba mu taɓa yin magana mai nauyinta a masallacin nan ba. Yaron yana sahu na biyu, kansa a ƙasa. Da aka fito ya zo zai ba da haƙuri, muka ce masa ya bari, shi tambaya ɗaya aka yi masa ya amsa da iyakar saninsa, mu ne muka san ya kamata mu ƙara ta biyu muka ƙi.

Yana nan a shagon har yau. Sabon shafin da ya buɗe mabiyansa ba su kai ɗari huɗu ba, amma kowanne mutum ne mai suna da gari. Ciniki bai koma yadda yake a wancan azumin ba, ba za mu yi muku ƙarya ba. Alhaja ma ba ta sake sayen komai a wurinmu ba. In mun haɗu a hanya mukan gaisa, ta ce Alfa ya aiki, mu ce Alhaja ya jikoki, kowa ya wuce.

Muna roƙon duk wanda saƙonmu ya taɓa shigar masa waya ba da izininsa ba, da duk wanda yabon ƙarya ya sa ya sayi kayanmu, ya yafe mana don Allah. Iyaye kuma, yau da daddare ku kira yaron da ke riƙe muku da wayar shago, ku ce ya nuna muku abin da ake rubutawa da sunanku. Allah ya ba mu halal mai albarka, ya tsare mana mutuncinmu a wannan gari da muke baƙunta, ya sa mu gama da duniya lafiya. Amin.